Suna bai fito ba, ko an ba ka kwas ɗin da ba ka nema ba: wace hanya ta fi?

Ɗan yayata ya iso gidana a Tudun Wada bayan sallar isha'i, ya zauna a bakin tabarma, ko kallon tuwon da aka ajiye masa bai yi ba. Ya miƙo mini wayarsa mai fasasshen gilashi, shafin JAMB, hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu, a buɗe. Makinsa 231, ya nemi karatun haɗa magunguna. Jerin sunaye na farko ya fita, na biyu ma ya fita, babu shi.

Ya ce, "Kawu, ni dai na haƙura. Zan zauna in sake rubutawa baɗi."

Na ce, "Ka zauna a ina? Daga safe zuwa dare kana yin me?"

Sai ya sunkuyar da kai.

Na daɗe ina koyar da kemistiri a sakandare a nan Kaduna, kuma duk shekara sai irin wannan waya ta zo hannuna. Abin da ke tayar mini da hankali ba rashin gurbin ba ne. A 2025 kusan mutum miliyan 2 suka rubuta JAMB, fiye da miliyan 1.5 a cikinsu ba su kai maki 200 cikin 400 ba, don haka wanda ya rasa ba shi kaɗai ba ne, ba kuma alamar daƙiƙanci ba ce. Abin da nake tsoro shi ne shekarar da ke biyo baya, wadda yaro zai ce ta shiri ce, ta ƙare a majalisa da gidan kallon ƙwallo.

Ruwa ba ya tsami banza

Kafin a yi maganar wace hanya, sai an san abin da ya hana. Iyaye da yawa suna jin an ce mafi ƙarancin makin shiga jami'a 150 ne, kamar yadda aka tsayar a 2025, sai su ɗauka duk wanda ya haura haka ya samu. Wannan ƙasan ƙasa ne kawai. Kowace jami'a tana da nata, kowane sashe kuma yana da nasa. Likitanci da lauya da haɗa magunguna da jinya akwai ƙayyadadden adadin ɗaliban da hukumomin waɗannan sana'o'i suka amince kowace jami'a ta ɗauka, ko mutum dubu nawa suka nema ba za a ƙara kujera ba. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari baya a boko. Ɗan Kaduna yana da wannan gata a ABU, wato Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, amma 'yan Kano da Katsina da sauran maƙwabta ma a layin suke.

Wani kuma ba maki ne ya kayar da shi ba. Na taɓa samun ɗaliba mai ƙwazo, makinta ya haura na sashen da take so, ta yi wata da watanni tana jira. Da muka je muka duba, ashe mai shagon kwamfutar da ta ba aikin bai ɗora sakamakon WAEC ɗinta a shafin JAMB ba. Tun 2017 da aka fara amfani da manhajar CAPS, duk wani gurbi ta nan yake bi, kuma jami'a ba za ta iya miƙa sunan wanda ba a ga kiredit ɗinsa a can ba. Wani kuma haɗin darussa huɗun da ya rubuta bai dace da kwas ɗin ba. Wani ba shi da kiredit a lissafi ko Turanci. Wani bai je tantancewar jami'a ba don bai ji sanarwa ba.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan maganinsa daban. Wanda lissafi ya riƙe, ko sau nawa ya ci JAMB ba za a ɗauke shi ba, jarrabawar WAEC ko NECO ta ƙarshen shekara ce a gabansa. Yawancin kwasa-kwasai suna karɓar kiredit biyar a zama biyu, amma likitanci a jami'o'i da dama zama ɗaya ake so, sai a duba tun wuri.

Akwai kuma ƙofar da ta fi kowace araha, wadda mutane ke mantawa da ita: sauya makaranta ko kwas a wannan shekarar, da makin da ke hannu. Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, in ta wuce ya mutu. Maki 231 da bai isa haɗa magunguna a Zariya ba zai iya isa wani sashe a KASU, jami'ar jihar Kaduna, ko Kadpoly, kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna, ko Jami'ar Ilimi ta Tarayya da ke Zariya, wato tsohuwar FCE. Sai dai a je cibiyar da JAMB ta amince da ita ko ofishinta na jiha, kuma a tabbatar makarantar da za a koma ba ta rufe karɓa ba. Zuwa da kai ya fi aike, ita waccan ɗalibar aike ne ya cinye mata shekara.

Sake JAMB, IJMB, ko sharar fage

Waɗannan ukun na wanda ya ce shi jami'a yake so, ba wani wuri ba. A nan aka fi ruɗewa, don haka zan ɗan daɗe.

Sake rubuta JAMB shi ne mafi sauƙin kuɗi. Kuɗin fom, kuɗin lesin idan za a yi, shike nan. In an ci, aji ɗaya za a shiga, an yi asarar shekara guda cif. Ya dace da wanda ya san takamaimai abin da ya same shi: ya rikice da kwamfuta don bai saba ba, ko rashin lafiya ta kama shi ranar, ko maki kaɗan ya rage masa. Illarsa ita ce ba shi da mai tsaro. Ba ƙararrawa, ba malamin da zai tambaye ka jiya ina ka shiga. Abin da na gani da idona shi ne, yaron da ya zauna a gida ba tsari, makinsa na biyu sau da yawa bai kai na farko ba, domin a karon farko yana da ɗumin aji shida, a na biyu kuwa kan ya huce. Kuma komai ya rataya ne a kan zama ɗaya na awa biyu. Ba na hana kowa sakewa. Abin da nake hanawa shi ne a ce sakewar ita kaɗai ce aikin shekara.

IJMB karatu ne na gaba da sakandare wanda ABU Zariya ke kula da jarrabawarsa. Darussa uku ake ɗauka, a yi kusan shekara ana karatu a aji, sannan a zauna jarrabawa ta rubutu da hannu, masu kimiyya har da gwaji a ɗakin gwaje-gwaje. Wanda ya ci da kyau zai sayi fom ɗin shiga kai tsaye, wanda ake kira DE, ya faɗa aji biyu. Amfanin a fili yake: in ta yi kyau ba ka yi asarar shekara ba, da kai da abokinka da ya samu gurbi bana a aji biyu za ku haɗu. Kuma sakamakonsa ba ya mutuwa bayan shekara ɗaya kamar na JAMB. Jami'o'in Arewa sun san shi sarai. Takwaransa JUPEB, wanda Jami'ar Legas ta jagoranci kafawa, ya fi ƙarfi a Kudu, don haka ɗan Kaduna mai son ABU ko KASU ko Bayero, IJMB ne nasa.

Amma kada a yaudare ka, IJMB ya fi JAMB wuya. Abin da ake koyarwa a aji ɗaya na jami'a ne aka dunƙule. Wanda bai iya kemistirin sakandare ba, na IJMB zai danne shi. Kuɗinsa ma ya ninka na JAMB sau da yawa, ga kuɗin makaranta, ga masauki, ga abinci. Sannan guraben DE a manyan kwasa-kwasai ba su da yawa, mai son likitanci ta wannan hanya sai ya zo da sakamako na ƙoli, ba na tsaka-tsaki ba. Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi ƙona mini rai: cibiyoyin bogi. Za ka ga allo a bakin titi, ɗaki biyu da benci, an rubuta IJMB, har da alkawarin maki tun ba a fara karatu ba. JAMB tana tantance sakamakon DE daga tushe kafin a ba da gurbi, takardar da ba ta da asali nan take tsayawa. A nemi makarantar da ke da rajista da ABU, kuma a tambaya a Zariya kafin a biya ko sisi.

Sharar fage kuwa, irin wanda ABU ke yi a makarantarta ta SBRS da ke Funtuwa, shi ma zaman aji ne na kusan shekara, amma matakinsa na gyaran sakandare ne. Wanda ya gama aji ɗaya zai shiga, ba biyu ba, kuma sai ya sake rubuta JAMB duk da haka. Alherinsa shi ne jami'ar da ta koyar da kai ta san ka, kuma tana duba 'yan sharar fagenta. Takaicinsa shi ne sakamakon ba ya tafiya wata jami'a, inda aka yi shi nan yake aiki. A Funtuwar ana yin IJMB ɗin ma, don haka a san wanne ake cikewa a fom.

In an ce in zaɓa tsakanin ukun, ga yadda nake yi wa ɗalibaina. Wanda tushensa ke da rauni, wanda ya ci kiredit da ƙyar, sharar fage. Wanda ya iya karatu amma guguwar JAMB ta kayar da shi, kuma gidansu za su iya, IJMB, ya kuma sayi fom ɗin JAMB idan lokacin ya zo, tunda karatun ɗaya yana taimakon ɗaya. Wanda ba hali, ya sake JAMB, amma da sharaɗin ya shiga lesin na kullum da safe, da yamma kuma yana wajen koyon sana'a. Ba a rasa wajen koyo a garin nan. Panteka kaɗai makaranta ce: walda, ƙira, kafinta, haɗa injinan niƙa da na gyaran hatsi, har Kadpoly ta shigo tana ba masu sana'ar wurin takardar shaidar ƙwarewa.

Ga 'ya'ya mata zaman gida yana da wani nauyin daban. Shekara ɗaya ba makaranta, manema za su fara sallama, 'yan uwa za su fara cewa me ake jira. Aure alheri ne, kuma mata da yawa sun yi digiri daga ɗakunansu. Amma wadda aka ɗaura wa aure tana da lambar ɗaliba a hannu ta fi wadda aka yi wa alkawarin za ta ci gaba daga baya ƙarfin magana. Don haka idan 'ya mace ce, na fi matsawa a kama wani abu bana.

Hanyar da ake rainawa

Kaduna gari ne da bai kamata a raina kwalejin fasaha a cikinsa ba. Kadpoly ta samo asali tun 1956, ta zama kwalejin kimiyya da fasaha a 1968, tana da harabobi a Tudun Wada da Unguwar Rimi da Barnawa. Hedikwatar hukumar NBTE mai kula da dukkan irin waɗannan kwalejoji na ƙasar nan ma a Kaduna take. Ga Nuhu Bamalli a Zariya. Amma yaro zai ce maka shi ba zai je ba, abokansa za su yi masa dariya.

Mu yi lissafi. Ƙaramar difloma shekara 2 ce, sai shekara 1 ta sanin makamar aiki, sai babbar difloma shekara 2, jimla 5, sannan bautar ƙasa daidai da mai digiri. Wanda kuma ya fita ƙaramar difloma da sakamako mai kyau zai iya shiga jami'a aji biyu ta DE: shekara 2 a can, 3 a nan, jimla 5 ga kwas mai shekara 4. Wanda ya zauna gida shekara ɗaya ya sake JAMB ya ci, shi ma 5 ɗin zai yi. Bambancin shi ne wanda ya bi ta difloma yana da takarda biyu, kuma ko hali ya canza a tsakiya, mahaifi ya rasu ko kasuwa ta karye, yana da abin nunawa. Wanda ya zauna gida kuwa in ya sake faɗuwa ba shi da komai. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ba zan ɓoye aibinta ba. Har yau akwai wuraren aiki da ke fifita digiri a kan babbar difloma, wajen ɗauka da wajen ƙarin girma. Mai babbar difloma da ke son digiri na biyu yawanci sai ya bi ta PGD, wato diflomar share fagen digiri na biyu, tukuna. A injiniyanci hukumar COREN ba ta yi wa mai babbar difloma rajista a sahu ɗaya da mai digiri. Kuma ba kowace difloma ce ke buɗe kowane sashe a jami'a ba, sai wadda ta yi daidai da shi. Haka nan a bambance diflomar ƙasa da NBTE ta amince da ita da diflomar cikin gida da wasu makarantu ke bayarwa, wadda ba lalle wata jami'a ta karɓa ba.

NCE, wato takardar shaidar malanta, shekara 3 ce, in aka ɗora digiri ta DE ta zama 6. Doguwa ce, kuma ni da nake malami ba zan ce wa wanda ba ya son aji ya shigo don ya rasa wajen zuwa ba, mun ga irin ɓarnar da hakan ke yi wa yara. Amma wanda ke da sha'awar koyarwa, ga Zariya, ga kwalejin ilimi ta Gidan Waya, ga cibiyar horar da malamai ta NTI a hanyar Zariya ga wanda ke aiki. Makin shigarta ƙasa yake, kuma mai NCE a lissafi ko kimiyya ko Turanci ba ya daɗewa bai samu makarantar da za ta ɗauke shi ba, ko albashin bai taka kara ya karya ba.

Fannin lafiya na matsakaicin mataki shi ne na fi ba masu son asibiti shawara su duba da idon basira. Kwalejin jinya da ungozoma ta jiha, makarantar jinya ta asibitin koyarwa na ABU, da Shehu Idris a Maƙarfi da ta daɗe tana yaye ma'aikatan lafiyar al'umma. A nan abin da ke ba ka aiki lasisin hukumar sana'ar ne, ba sunan makaranta ba, don haka tambaya ta farko ita ce ko hukumar ta amince da makarantar. Makarantun lafiya masu zaman kansu sun yi yawa yanzu, wasu na ƙwarai ne, wasu kuwa sai an gama a gane ba a iya zama jarrabawar lasisi. Kuma kada a ɗauka shiga jinya sauƙi ne, rububinta ya kusa na jami'a.

NOUN, jami'ar karatu daga nesa ta ƙasa, ba ta neman makin JAMB, tana da cibiya a Kaduna, ABU ma tana da sashen karatu daga nesa. Sun dace da ma'aikaci, da matar aure, da ɗan kasuwar da ba zai bar shago ba. Ga ɗan shekara 17 da bai taɓa tsara wa kansa lokaci ba, ban cika so ba. Wanda kuma bautar ƙasa ta dame shi ya tambayi matsayinta kafin ya shiga, domin masu karatun wucin gadi takardar cirewa ake ba su, ba kaki ba. Jami'a mai zaman kanta kuwa magana ce ta aljihu, a lissafa kuɗin shekara 4 gaba ɗaya, ba na zangon farko ba, a kuma tuna cewa bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 na ɗaliban makarantun gwamnati ne. Fita waje ma haka. Mun ga yadda yaƙin Sudan na 2023 ya dawo da ɗalibanmu gida karatu a tsakiya, mun kuma ga yadda a farkon 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya samo kwali a Kwatano cikin makonni shida. Duk wanda ya ce maka digiri a shekara ɗaya, ko ya ce kawo kuɗi in saka sunan ɗanka, ka riƙe kuɗinka. Gurbin da bai bi ta CAPS ba, ranar tafiya bautar ƙasa ake gane babu shi.

Wanda ya samu, amma ba abin da yake so ba

Wannan ciwon daban ne, kuma an fi ɓoye shi, domin gida ana ta barka. Ya nemi likitanci an ba shi ilimin tsirrai. Ta nemi lauya an ba ta tarihi. Ko kuwa shi ya zaɓa da kansa don mahaifinsa ya ce injiniya yake so a gidan, ya kai aji biyu lissafi ya gagare shi, kariyoba, wato darussan da ya faɗi, ta taru.

Tambaya ɗaya nake fara yi: aikin da kake mafarki, sai da lasisi ake yin sa? Likita, lauya, mai haɗa magunguna, ma'aikaciyar jinya, injiniya mai sa hannu a zane, waɗannan ƙofarsu ɗaya ce, sai ka karanta kwas ɗin a makarantar da hukumarsu ta yarda da ita. Wanda ya karanta ilimin sinadaran jiki ba zai wayi gari likita ba, komai kusancin sunan. Amma banki, jarida, kasuwanci, aikin gwamnati, ƙungiyoyin agaji, aikin kwamfuta, waɗannan ba su cika tambayar me ka karanta ba kamar yadda suke tambayar da wane mataki ka fita, kuma me ka iya. Akawu ma yana da hanyar ICAN, cibiyar ƙwararrun akantoci, da ba ta rufe wa wanda ya karanta wani abu daban ba. Mai son koyarwa yana da PGDE, diflomar koyarwa, bayan digiri.

In aikin ba na lasisi ba ne, shawarata ka zauna, ka dage, ka fita da sakamako mai kyau, ka koyi abin da kake so a gefe. A ma'aunin maki 5, daraja ta ɗaya daga 4.50 take, ta biyu babba daga 3.50. Wanda ya fita da 3.50 a tarihi ya fi wanda ya fita da ƙyar a kwas mai suna samun ƙofofi. Abin da ke kashe yara shi ne fushi da kwas a aji ɗaya: ba shiga lacca, ba karatu, wai ai ba nan zan zauna ba. Alhali makin aji ɗayan nan shi ne kuɗin fansarsu.

Domin hanya ta farko ga mai son sauyi ita ce sauya sashe a cikin jami'ar, yawanci bayan kammala aji ɗaya. Ana duba makinka, ana duba ko kiredit ɗinka na sakandare da darussan JAMB ɗinka sun dace da inda za ka, sashen da kake ciki ya sake ka, wanda za ka ya ce yana da wuri. Tsakanin sassan da ke tsangaya ɗaya abin yakan yiwu, wani lokaci ba tare da asarar shekara ba. Zuwa likitanci ko lauya kuwa da wuya ƙwarai, saboda adadin nan da aka ƙayyade. Kada ka dogara da jita-jitar ɗakin kwana, ka je wajen malamin da ke kula da ajinku tun zangon farko ka tambayi ƙa'idar jami'arku. A tabbatar kuma an gyara sauyin a wajen JAMB, don sunan kwas ɗin da ke takardarta ya yi daidai da wanda ke kwalinka.

Hanya ta biyu ita ce ka riƙe kujerarka, ka sake rubuta JAMB kana aji ɗaya. In ta fito ka tafi, in ba ta fito ba ba ka saki reshe ka kama ganye ba. Taura biyu ba ta taunuwa da sauƙi, dole ɗaya ta ɗan sha wuya, amma a aji ɗaya na kimiyya darussan kusan ɗaya ne da na JAMB, don haka abin yana yiwuwa. Kada a ɓoye wa JAMB cewa ana wata makaranta, kuma in sabon gurbin ya samu a ajiye tsohon ta hanyar da ta dace. Wannan dabara ta aji ɗaya ce, ko farkon aji biyu. Wanda ya kai aji uku, ni ban ga hikimar komawa baya ba, sai dai in jami'a ce ke shirin sallamarsa. Gara ya ƙarasa, in har zuciyarsa na nan, wasu jami'o'i suna karɓar mai digiri mai kyau ta DE zuwa likitanci ko lauya.

A sa shekaru a lissafi. Likitanci shekara 6 ne, lauya 5 ban da makarantar horas da lauyoyi, injiniyanci 5. Wanda ya gama yana sama da shekara 30 ba ya zuwa bautar ƙasa. Kuma kalandar jami'a ba a hannun ɗalibi take ba, yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai wata 8 ya ci, na 2020 ya fi haka. Ɗan shekara 18 yana da sararin gwadawa sau biyu. Ɗan shekara 24 da ƙannensa ke jiran a gama da shi a fara da su, lissafinsa daban ne.

Iyaye kuma, don Allah a saurara. Yaron da ya zo ya ce Baba ba na gane karatun nan, ba raini ba ne, ƙarfin hali ya yi. Na san ɗalibin da ya ɓoye wa gidansu har shekara biyu cewa an sallame shi, kullum yana shiga mota zuwa Zariya yana dawowa, don tsoron faɗa. Da tun aji ɗaya ya samu kunnen da zai ji shi, da an mayar da shi sashen da zai iya.

Shi ɗan yayata, da muka zauna da mahaifiyarsa washegari, na sake tambayarsa ko haɗa magungunan yake so ko kuwa sunan jami'a. Ya ce tun yana aji uku yake tsayawa a kemis ɗin unguwarsu bayan makaranta, ya san sunayen magunguna fiye da na 'yan ƙwallo. To, wannan aikin lasisi ne, ƙofarsa ɗaya. Kiredit ɗinsa tara a zama ɗaya, kemistirinsa ni na san shi. Na ce IJMB, bayoloji da kemistiri da fiziks, kuma zai sake JAMB idan an buɗe fom.

Yaya ta ce, "Malam, kuɗin fa?"

Na ce, "Yaya, ki kawo abin da ya samu, ni zan ɗauki masauki da littattafai."

Ta yi istihara, ta ɗauki adashinta kafin lokacinta ya zo, da roƙon uwar adashi. Ranar tafiya na kai shi tashar Kawo da sassafe, katifa a naɗe an ɗaure da igiya, buhun garin kwaki da galan ɗin manja a gefe, tsohon littafina na kemistiri mai bangon da aka liƙe da salatif a cikin jakarsa. Yanzu duk daren Juma'a yakan turo mini hoton tambayoyin da suka gagare shi, in warware a takarda in ɗauka in mayar masa.